Huffin Baffa

Baffa ya rasu wata Talata da hantsi, kafin azahar kuwa layinmu na Obiagu a Enugu ya cika har masu okada, wato 'yan acaɓa, suna zagayawa ta bayan masallaci suna tsaki. Na Allah muke, gare shi za mu koma, wannan babu mai gardama a kai. Gardamata tana kan maganganun da na ji a tabarmin zaman makoki, kuma su ne suka zaunar da ni rubuta wannan.

'Yan Kasuwar Artisan sun rufe rumfunan albasa sun zo. Danginmu na Anacha sun ciko mota daga Kasuwar Relief, na Fatakwal suka iso washegari da jajayen idanu, ban sani ba ko kuka ne ko gajiyar hanya. Duk wanda ya zauna sai ya ce bango ya faɗi. Wani dattijo mai sayar da tattasai, wanda na sha ji da kunnena yana kiran Baffa mugun tsoho, shi ya fi kowa sharar hawaye. Aka shaidi mamaci da sahun gaba, da azumin Litinin da Alhamis, da riƙon sunna. Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ku dubi huffin nan nasa. Zafin Enugu, gumi kamar a matse riga, amma bawan Allah bai taɓa cire shi ba." Jama'a suka yi kabbara. Ina gefe ina zuba wa baƙi shayi, sai na ajiye butar. Ina cikin waɗanda suka yi wa Baffa wanka, kuma ni na cire masa huffin.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya fara zuwa kudu da buhunan albasa, shi ya jawo mahaifina. Da mahaifina ya rasu a hatsarin mota muna ƙanana, ni da Yaya da ƙannenmu mata, Baffa bai bari aka kwashe mu zuwa ƙauye ba. Ya bar Inna, mahaifiyarmu, a ɗakinta, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Da safe yakan leƙo da ƙosai a leda ya ce, "Ina marayun nan masu cin tsiya?" ya ajiye ya wuce. Rumfar da nake ci da ita yau shi ya zaunar da ni a ciki. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce ɗan ƙaninsa ya manta alheri. Ban manta ba, amma ba shi kaɗai ne abin da na tuna ba.

Sana'ar Baffa ta biyu, wadda ta fi albasa ba shi girma, ita ce binciken aure. Mu da muke nesa da gida ba mu da halin tura mutum garin yarinya ya tambayi asali. Baffa kuwa ya daɗe a nan, ya san wanda ya zo daga ina, ya san uwar wane da kakar wane. A kansa yake ajiye cututtukan gidaje kamar yadda yake ajiye farashin buhu: gidan wane farfaɗiya, gidan wane tarin asma, gidan wane hawan jini. In aka zo masa da maganar yarinya ba ya tambayar karatunta ko halinta. Sai ya gyara zama ya ce, "Me ya kashe kakarta ta wajen uwa?" Ba ya tambayar wajen uba ko da wasa. Hujjarsa ɗaya ce, kuma duk unguwa ta haddace ta: a nono ake shan ciwo. Ban san iyakar auren da ya rushe da wannan tambaya ba, yana yi yana jan carbi.

Wata shekara ya ce zai je Fatakwal kan harkar kaya. Ya yi wata da watanni, ya dawo a rame, da sanda a hannu da huffi na fata a ƙafa. Ya ce wani malami ya farkar da shi kan sunnar da mutane suka yi watsi da ita. Daga ranar ba a ƙara ganin ƙafar Baffa a wurin alwala ba, shafa kawai yake yi ya miƙe. Ya daina sa suga a shayi, ya ce zaƙi na yara ne. In aka miƙa masa lemon kwalba a wurin ɗaurin aure sai ya ture ya ce duniya ba wurin jin daɗi ba ce. Mutane suka ce Baffa ya zama waliyyi, wasu samari ma suka sayi huffi suna kwaikwayonsa har ƙafarsu ta fara wari suka haƙura.

Ba a rufa shekara ba Yaya ya fara shan ruwa kamar raƙumi, yana ramewa. Asibiti suka ce ciwon suga ne. Daga baya ƙusa ta soke shi a kasuwa, ciwon ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar. A lokacin na ga wani Baffa da ban sani ba. Kullum yana asibiti. Shi yake wanke miki da hannunsa, yana naɗa bandeji da ƙwarewar da har wata nas ta tsaya ta ce, "Papa, you be doctor before?" Wai ko ya taɓa aikin likita. Ya yi murmushi ya ci gaba da naɗi. Na gan shi ya riƙe hannun Yaya yana kuka, hawaye na gaske, yana cewa, "Da ka ji maganata da ba ka yi yawo da silifas ba." Na yi mamakin inda ya san duk wannan, amma na ɗauka ilimin manya ne.

Wannan mutumin, a wannan makon, shi ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka tambaye shi jikin Yaya, ya ce, "Sai addu'a. Abin gado ne, a nono ya sha. Kakarsu ta wajen uwa haka ta bushe ta mutu a ƙauye. Mu dai a gidanmu ba mu san wannan ciwo ba."

Kalmomin nan suka bi Inna har ɗaki. Aka laƙaba wa gidanmu suna Gidan Suga, har ta kai in ka sauka a tasha ka ce wa ɗan okada Gidan Suga, ƙofarmu zai dire ka. Masu neman ƙannena mata suka janye ɗaya bayan ɗaya, sai can Arewa aka kai su inda labarin bai je ba, kuma har yau Inna ba ta ganin jikokinta na wajensu sai a waya. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, don in ta shiga sai a yi shiru. Abin da ba zan yafe ba shi ne ranar da Yaya zai cika. Inna ta durƙusa a gaban gadonsa, ta kama hannunsa ta ce, "Ka yafe mini, ni na ba ka." Uwa tana neman gafarar ɗanta don ta shayar da shi. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

A shekarun nan ne ya aurar da nasa 'ya'yan mata, duk a manyan gidajen 'yan kasuwa na Enugu da Anacha. An ci an sha, kuma babu wanda ya tambayi komai, don mai tambayar shi ne uban amarya.

Babbar 'yata ta taso a cikin wannan suna. Baffa yana ji da ita, amaryata yake ce mata, yana ɓoye mata dabino a aljihu. Ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti, ta samu aiki da wasu likitoci a asibitin koyarwa masu bincike kan ciwon suga da hawan jini. Ta yi mini bayanin aikin a rumfa, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ce suna karɓar yawun mutane da yawa, dangi da waɗanda ba dangi ba, su duba ƙwayoyin gado da ke ciki, su auna sugan kowa da jininsa. Sai su kwatanta su gani ko waɗanda gadonsu ya fi kama da juna su ne ciwonsu ya fi kama da juna. Da haka ake kimanta nawa ne na gado a bambancin da ke tsakanin jama'a, nawa ne na abinci da zama da irin aikin da mutum yake yi.

Na ce, "To, zai nuna daga wa ya fito?"

Ta ce, "Baba, ba ya nuna uwar kowa. Lissafin jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Kowa rabi ya ɗauko daga uba, rabi daga uwa, kuma ciwon suga ba abu ɗaya ba ne da ake miƙa wa yaro kamar hula. Ƙananan abubuwa ne barkatai daga ɓangarorin biyu, sannan a haɗa da abin da aka ci da zaman rumfa tun safe har yamma."

Ta ce irinmu suke nema ruwa a jallo, don danginmu a rabe suke: wa yana noma a Arewa, ƙane yana zaune kan benci a Artisan yana shan lemo. Ni kuwa abin da na ji a maganarta ɗaya ne, wato akwai ranar da wani mai farar riga zai ce ba Inna ba ce.

A unguwarmu ba a shigo da baƙon abu sai da yardar dattijo, dattijon kuwa Baffa ne. 'Yata ta zo da shugabar aikin, wata likita Ibo mai ladabi, har da ɗankwali ta ɗaura. Suka same shi a ƙofar masallaci cikin jama'a. Da fari ya sake, yana tsokanar amaryarsa wai ta kawo masa baƙi ba ta kawo masa shayi ba. Maganar yawu ma bai ƙi ba. Sai 'yata, don ta girmama shi, ta ce, "Kaka, akwai ɗan sukan yatsa na auna suga, nan take ake ganin sakamako. Da kai za mu fara, a gaban kowa, don in babba ya yi kowa zai yi."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ya buga sandarsa a ƙasa ya miƙe. Ya ce jinin Musulmi za a kwasa a kai inda ba a sani ba. Ya ce an sayi jikarsa. Likitar ta ce, "Papa, abeg, na small check," wai ɗan dubawa ne kawai, ya daka mata tsawar da ta sa ta ja da baya. Sannan ya juya ga 'yata ya ce, "In suga kike nema, ba sai kin tara jama'a ba. Koma gida ki soki kakarki." Mutane suka yi dariya. Yarinyar ta tattara kayanta, kuma babu mutum ɗaya a layinmu da ya ba da yawunsa.

Ana cikin haka wani yaro ɗan gidan masu fataucin shanu na Fatakwal ya fito neman 'yata. Ita ma tana sonsa, ba ta ɓoye ba. Iyayensa sun ji sunan Gidan Suga, suka yi jim. Amma uban yaron almajirin Baffa ne a wannan ilimi, sai ya zauna ya yi lissafi da ƙa'idar malaminsa: tunda a nono ake sha, yarinya kuwa nonon uwarta ta sha ba na Inna ba, to ta kuɓuta. Ta wajen maza kuma ga Baffa nan, tsoho tukuf garau, ko lemo ba ya sha don tsoron Allah. Aka sa rana bayan babbar salla. Na san lissafin banza ne, 'yata ta fi ni sani, amma ya buɗe mana ƙofa, muka yi shiru muka shiga.

Sai ga Talatar nan. Mu uku muka shiga wanka: na'ibin liman, babban ɗan Baffa, da ni. Da muka zo ƙafa, ɗan nasa ya riƙe hannuna ya ce, "A bar masa huffinsa, ya saba." Na'ibi ya ce ba a yi wa mamaci wanka da huffi. Na zare na dama, ƙafa ce fara sol da ta yi shekara da shekaru ba ta ga rana ba. Na zare na hagu. Babu babban yatsa, babu na kusa da shi, sai tsohon ɗinki da ya daɗe da warkewa, an cusa auduga a gurbinsu. Da aka yaye zane a cikinsa kuwa, duk tabon allura ne, irin wanda na sani a cikin Yaya. Na ɗago na dubi ɗan nasa, ya sunkuyar da kai. Na'ibi ya ce a hankali, "Abin da ido ya gani a ɗakin nan amana ne, nan zai tsaya."

Na riƙe amanar. Na ɗauki makara, na zuba ƙasa, na zauna ina amsa gaisuwa ana yabon huffi. Da yamma in koma gida in tarar da Inna a kan sallaya tana yi wa Baffa addu'a, tana cewa ya riƙe mata marayu. Maganar takan zo mini har maƙogwaro in haɗiye. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin gawar nan ba, don ko a mace ya samu wanda zai rufe masa baki, kuma ni ne.

Ranar sadakar uku Inna ta dama kunu ta ce a raka ta. Rabonta da shiga taron mata tun rasuwar Yaya. Ina bakin ƙofar cikin gida ina sauke buhunan ruwan leda lokacin da ta yi sallama. Gwaggo, ƙanwar Baffa da ke aure a Anacha, tana zaune a tsakiya tana rabon waina. Ta dubi tukunyar kunun ta ce, yadda kowa zai ji, "A ajiye wancan can gefe. Mu dai Allah ya raba mu da abin da ya fito daga Gidan Suga." Wasu suka ƙunshe dariya a mayafi. Inna ta tsaya da tukunya a hannu, ba ta san inda za ta ajiye ba.

Umma, matar Baffa, tana cikin ɗaki tana takaba. Mace ce da za ka yi shekara ba ka ji muryarta ba. Sai ga ta ta fito da wata 'yar kula shuɗiya, irin ta ƙanƙara, ta zo tsakar gida ta kife ta a gaban Gwaggo. Ƙananan kwalaben maganin suga da allurai suka watse a kan tabarma.

Ta ce, "Ga na yayanki. Ni nake yi masa kullum kafin ya fita masallaci, tun kafin ɗan Inna, baiwar Allan nan, ya kwanta. Fatakwal ɗin da ya je, yatsu aka yanke masa. Babanku ma da shi ya mutu, ke kin sani. Ya ce in aka ji, 'ya'yansa ba za su auru ba, shi ya sa ya ɗora mata. Na yi shiru yana raye don mijina ne. Yanzu ya tafi inda za a tambaye shi, ni ba zan bi shi da wannan kaya ba."

Ta karɓi tukunyar daga hannun Inna, ta ɗebi kunun a kofi ta sha a tsaye. Gwaggo ba ta kwana a Enugu ba. Ba daga bakina maganar ta fita ba, kuma da Umma ba ta kife kular nan ba da har yau ina haɗiye ta.

Kafin sati labari ya gama Obiagu, ya haye Anacha, ya isa Fatakwal. Matan da suka yi shekaru suna tsallake ƙofarmu suka fara sallama, wai sun zo duba jikin Inna. Masu kabbara saboda huffi suka koma cewa su da ma sun yi zargi. Mai tattasai ya dawo da tsohon sunan da yake kiran Baffa da shi. Ban ji daɗin ko ɗaya daga cikinsu ba, don bakin da ya yi dariya a ƙofar masallaci shi ne dai yake jajantawa yanzu.

Ana gobe sadakar bakwai baƙi biyu suka zo daga Fatakwal, ƙannen uban yaron nan. Suka yi ta'aziyya, suka sha ruwa, suka yi ta kewaye-kewaye, sannan babban ya ce Alhaji, yayan nasu, ya ce a ɗan dakata da maganar rana. Na ce saboda me? Ya ce, "Da an ce ta nono ne, yarinya ta fita. Yanzu kuwa ya tabbata ta wajen maza ma yana bi. Ga Baffanku, ga kakanku, ga yayanka. Abin ya yi yawa." Kowa ya san abin da a dakata take nufi a bakin masu neman aure.

'Yata ta kira yaron a gabana. Ta yi masa bayanin da ta yi mini a rumfa, ta ce babu gidan da za a tona a rasa wani abu, ta ce ta auna kanta lafiyarta ƙalau, ta ce in yana so su je a auna su tare. Na ji muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Ni na gane, wallahi na gane. But you know Alhaji." Ta kashe wayar, ta shiga ɗaki ta rufe. Ilimin da ta kwashe shekaru tana koyo bai kai ƙofar gidan ba, na Baffa kuwa yana zaune a falonsu.

Abin da Baffa ya bari ke nan. Albasa ta ƙare, rumfa an raba, amma tambayarsa tana nan tana yawo, har ta ƙaru, don yanzu ana tambayar ɓangaren uwa da na uba. Allah ya jiƙansa. Na faɗa don ya ciyar da ni, kuma na ga hawayensa a kan Yaya, na san tsoro ne ya ci shi. Amma yafiya ba tawa ba ce da zan bayar, ta Inna ce da ta yarinyar da ke bayan ƙofar can.

Bayan baƙin sun tafi na shiga wurin Inna. Ina so in ga ko sau ɗaya ta ɗaga kai, in ce mata duk gari ya san ba ita ba ce. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin jikarta da kwanon abinci a cinya, tana ƙwanƙwasawa a hankali, ba a buɗe ba.

Na ce, "Inna, sunanki ya wanku."

Ta dube ni ta ce, "Na ji. Ni ai na riga na saba da ɗaukarsa, kuma saura kaɗan in sauke. Da kun bar mini shi, da yarinyar nan ta yi aurenta."

Ta juya ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar.